Yadda zaka rubuta wa yara labarin yarinya mai basira da aka yi watsi da ita

Kar ka tsaya kana ce mana "tana da ƙwaƙwalwa", nuna mana kawai. Ɗora mata faranti tana tallan gyaɗa a bakin tasha, kafin mai saye ya laluba aljihu ita har ta gama lissafin canji a ka, ko kuma tana haɗa baƙi daga tsohuwar jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki.

Sai batun mugun dake cikin labarin, don Allah a bar kishiyar uwa ta huta haka nan, an gaji wallahi. Wani sa'in ba duka ba zagi, kawai dai ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta ci abinci, wannan yafi sosa rai.

Ka bata babba ɗaya da zai lura da ita, misali malamar firamare, amma kar malamar ta warware komai, iyakarta ta cike mata fom ɗin jarabawar makarantar yara masu hazaƙa ta gwamnatin tarayya dake Suleja, yarinyar ce zata zauna ta rubuta da kanta.

Babi kuma gajeru, shafi 3 ko 4, ɗan shekara 9 baida haƙurin dogon turanci.