Yadda Ake Kafa Shingen Kare da Ba a Gani da Koya wa Kare Iyakarsa

Shingen da ba a gani hanya ce ta tsare kare a harabar gida ba tare da gina katanga ba. Wani Ba'amurke mai suna Richard Peck ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1973, kuma tsarinsa ya tsaya ne a kan abubuwa uku: na'urar aika sigina da ake ajiyewa a cikin gida, waya da ake binnewa a kewayen fili, da abin wuya mai batir da kare zai sa. Idan kare ya doshi wayar, abin wuyan zai yi ƙara don gargaɗi, idan kuma ya ci gaba sai ya ji ɗan jan lantarki a fatar wuyansa. Wayar ba ta tare kowa. Abin da ke tsayar da kare shi ne fahimtar da ya yi wa wannan ƙarar, don haka horo ya fi haƙa rami muhimmanci.

Kafin a sayi kayan, a bincika dokar wurin da ake zaune, domin akwai inda aka haramta abin wuya mai jan lantarki, kamar yankin Wels na Birtaniya tun shekarar 2010. Haka kuma ba a fara wannan horo da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba.

A fara da zana taswirar gidan a takarda, a nuna inda ake so kare ya tsaya da wuraren da ake so ya guje wa. Dole ne wayar ta fita daga na'urar, ta zagaye filin, ta dawo cikinta ba tare da yankewa ba, domin sigina ba ya aiki sai da'irar ta rufe. A kusurwoyi a lanƙwasa wayar a hankali, kada a karya ta kwana mai kaifi, saboda hakan yana rikita siginar. Daga na'urar zuwa bakin iyaka kuma, a murɗe wayar da ke fita da wadda ke dawowa wuri guda kamar igiya. Murɗewar tana sa siginar kowace ta kashe ta ɗayar, sai kare ya iya ratsa wurin ba tare da an gargaɗe shi ba. Idan akwai wayar lantarki ko ta tarho a ƙarƙashin ƙasa, a gano inda take kafin haƙa, kuma a ratsa ta kai tsaye maimakon a bi gefenta.

Ita na'urar a kafa ta a busasshen wuri kusa da soket, nesa da manyan kayan ƙarfe, tare da abin kariya daga tsawa, tunda doguwar waya a ƙasa tana iya jawo ƙarfin aradu har cikin gida.

Kada a binne wayar sai an gwada ta. A shimfiɗa ta a saman ƙasa, a kunna na'urar, a riƙe abin wuyan daidai tsayin wuyan karen, a zagaya iyakar duka ana sauraron inda ƙarar ke farawa. A nan ne ake daidaita faɗin yankin gargaɗi. Bayan an gamsu sai a tsaga ƙasa da shebur zurfin santimita 3 zuwa 8 a tura wayar. Inda akwai siminti, a yanka siririyar hanya a sa ta a rufe. Duk mahaɗar waya a rufe ta da abin da ruwa ba ya shiga, domin yawancin matsalolin da ke tasowa daga baya a mahaɗa suke farawa.

Sai a kafa ƙananan tutoci, tazarar kusan mita 3 tsakaninsu, daidai inda ƙarar ke farawa, don kare ya ga iyakar da idonsa. A kwanakin farko a kashe jan lantarkin, a bar ƙara kawai. A riƙe karen da igiya da aka ɗaura a wani abin wuya daban, a kai shi kusa da tuta, da zarar ƙarar ta tashi a janye shi baya cikin fili, a yaba masa a ba shi ɗan abin da yake so. Minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a rana ya wadatar. Abin da ake so ya zauna a ransa shi ne cewa idan ya ji ƙara, mafita tana bayansa. Karen da bai koyi haka ba yakan ruga gaba a firgice, ya tsallake iyakar, sannan ya ji tsoron dawowa gida domin jan zai same shi a hanyar shigowa.

Bayan ya fara juyawa da kansa, a kunna jan a matakin da ya fi ƙasa, a gwada shi da abubuwan da ke ɗauke hankalinsa, kamar ƙwallo da aka jefa waje ko wani mutum da ke wucewa. Horon yakan ɗauki mako biyu ko fiye, kuma bai kamata a gaggauta shi ba. Daga nan a riƙa cire tutocin kaɗan-kaɗan. Idan za a fita da shi yawo, a cire masa abin wuyan, a bi ta wuri guda kullum.

Abin wuyan ya zauna yadda ƙusoshin ƙarfensa masu isar da jan lantarkin za su taɓa fata, amma yatsa ɗaya ya iya shiga. Kada ya wuce awa 12 a wuyansa a rana, kuma a duba fatar kullum, domin matsi na iya haifar da gyambo. A riƙa duba batir akai-akai. Mai kare ya sani cewa shingen ba ya hana wasu karnuka ko mutane shigowa, kuma kare mai zafin bin dabbobi yana iya jure jan ya fice. Irin wannan kare katanga ta gaske yake bukata.