Yadda za ka taimaki mai raunin zuciya ya riƙe shan magani

Aikin jinya ya nuna min cewa masu raunin zuciya, wato waɗanda zuciyarsu ba ta iya tura jini yadda ya kamata, da ke dawowa asibiti ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, ba kasafai taurin kai ke sa su barin magani ba. Yawanci akwai dalili, sai dai ba wanda ya tambaye su. In kana jinyar irin wannan mara lafiya, ka fara tambayarsa kafin ka yi masa faɗa.

Dalilin da na fi ji shi ne samun sauƙi. Kumburi ya saɓe, haki ya ragu, sai mutum ya ce ai ya warke. Ka fahimtar da shi cewa maganin ne ke tallafe da zuciyar, in ya ajiye shi ruwa zai sake taruwa a huhu da ƙafafu. Carvedilol da bisoprolol kuwa, magungunan da ke sassauta bugun zuciya, ba a yanke su kwatsam, ko da sun sa kasala a farko.

Sai maganin da ke sa fitsari don fitar da ruwan da ya taru, furosemide, wanda a ganina ya fi kowanne shan tsana. Wanda ya sha da dare zai kwana yana zaryar ban ɗaki, gobe ko ka roƙe shi ba zai karɓa ba. A ba shi da safe. In sau biyu likita ya rubuta, na biyun ya zama da rana. Lisinopril da enalapril, su ma magungunan zuciya ne, kan jawo busasshen tari mai naci. A gaya wa likita, akwai madadinsu.

Don maganin mantuwa, samo akwatin ƙwayoyi mai gida bakwai, ka cika shi rana ɗaya a mako. In an tsallake wani lokaci, kada a haɗa biyu a sha. A karɓo sabo tun na hannu bai ƙare ba.

Kowace safiya, bayan ya yi fitsari kuma kafin ya karya, ya hau sikeli ka rubuta nauyin. Ƙarin da ya wuce kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, a nemi likita ranar.

Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan. A rage wa gidan duka, don mai cin lami shi kaɗai ba ya daɗewa a kai. In ciwon jiki ya taso, kada ya sha ibuprofen ko diclofenac, suna riƙe ruwa a jiki.