Yadda Ake Zaɓa da Saita Mazubin Garin Gahawa Mai Awo

Duk wanda ya taɓa farke sabuwar ledar garin gahawa, wadda wasu ke kira kofi, ya san ƙamshin da ke dukan hanci a ranar farko. Ya kuma san yadda ƙamshin yake ja da baya, har bayan mako biyu ko uku a wayi gari ɗaci kaɗai ya rage. Da yawa sukan ɗora wa gahawar laifi, alhali galibi matsalar tana ga mazubin da kuma yadda ake ɗiba daga cikinsa.

Ajiya da awo ayyuka ne biyu da ba sa ga maciji da juna. Ajiya tana so a rufe ruf, awo kuwa sai an buɗe. Duk na'urar da ta sauko maka da cokali ɗaya na gari, to ta shigar da cokali ɗaya na iska a gurbinsa, kuma kashi 21 cikin 100 na iskar nan oksijin ce, wadda ke lalata man da ke ɗauke da ƙamshin. Gari ya fi ƙwaya saurin lalacewa nesa ba kusa ba, domin niƙa yana fasa kowace ƙwaya zuwa ɓarɓashi masu ɗimbin yawa, kowanne da fuskarsa a buɗe. Shi ya sa shawarata ita ce a raba ayyukan biyu, kuma a kan haka matakan nan suka ginu.

Mataki na farko: san abin da kake sha

Kafin ka sayi komai, yi ɗan lissafi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen gahawar tacewa shi ne gram 55 zuwa 60 a lita ɗaya ta ruwa, wato kusan gram 15 ga kofi mai cin mililita 250. Mai shan kofi biyu a rana yana cin gram 30, ledar gram 250 za ta kai shi kwana takwas. Mai shan ɗaya kuwa za ta yi masa kwana goma sha shida ko sha bakwai. Garin gahawa ba shi da nauyi idan aka kwatanta da wurin da yake ci: gram 250 yakan cika mazubi mai mililita 700 zuwa 800. Da wannan lissafi za ka gane cewa babbar na'urar nan mai cin kilo guda ba ta gida ba ce, ta wurin da ake sayar wa jama'a ce, inda gari ba ya kwana.

Mataki na biyu: raba garin gida biyu

Kaso mafi yawa ya zauna a mazubin ajiya wanda ba a buɗe shi sai sau ɗaya ko biyu a mako. Na kwana biyu zuwa uku shi ne zai shiga na'urar awo. Ko da ka ɗauki wannan mataki kaɗai ka bar sauran, za ka ji bambanci a baki.

Mataki na uku: zaɓi mazubin ajiya

Abubuwa huɗu ake kare gahawa daga gare su: iska, danshi, zafi da haske. Mazubin ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda ake buga wa lamba 304 ko 18/8, ya fi kwanta mini a rai, domin haske ba ya ratsa shi kuma ba ya riƙe wari. Tangaran mai sheƙi ma yana yi. Kwalba tana da kyau wajen tsabta, amma idan garau ce sai a ajiye ta cikin kabad. Roba ita ce ta ƙarshe a jerina, saboda man gahawa yana kama jikinta, bayan watanni sai ka ji tana wani bashi da wanki ba ya fitarwa. In dole sai roba, duba gindinta ka ga alamar kayan abinci, kamar lamba 5 da haruffan PP.

Murfi ya fi jikin mazubin muhimmanci. Dole ya kasance da zoben roba mai laushi a bakinsa. Gwada shi kafin ka zuba komai: cika mazubin da ruwa, rufe, kifar da shi a kan busasshiyar takarda na minti ɗaya. Inda ruwa ya sami hanya, iska ta riga ta samu. Sai dai ka bar shi ya bushe ƙarau kafin gari ya shiga.

Murfi iri uku za ka ci karo da su. Akwai na kullum mai zoben roba, wanda ke hana sabuwar iska shiga amma yana kulle wadda ke ciki tare da garin. Idan gari ya yi rabi, rabin mazubin iska ce. Akwai mai murfin ciki da ake dannawa ƙasa har ya zauna a kan garin ya kori iskar da ke sama. Wannan shi na fi so ga gari, domin yana bin sa ƙasa yayin da yake raguwa. Na uku shi ne mai famfo a murfi da ke zuƙe iska. Yana aiki sosai da ƙwayar da ba a niƙa ba, amma gari mai laushi yakan bi iskar ya toshe hanyar famfon.

Wataƙila ka lura da ɗan zagayen nan mai ƙananan huji a jikin ledar gahawa. Bawul ne mai barin iska ta fita ba tare da ta shigo ba, kuma kamfanin Goglio na Italiya ne ya fito da shi a shekarun 1960. Amfaninsa shi ne gahawar da aka gasa tana ci gaba da fitar da iskar kabon na kwanaki, in ba a ba ta hanya ba ledar ta kumbura. Ga ƙwaya sabuwar gashi bawul yana da amfani. Ga gari kuwa, yawancin iskar ta fice tun lokacin niƙa da 'yan sa'o'in da suka biyo baya, don haka kada bawul ya zama dalilin zaɓenka.

Wurin ajiya ya zama nesa da murhu da taga. Firiji bai dace ba: gahawa tana shan danshi da warin duk abin da ke kusa da ita, kuma duk fitarwa da mayarwa raɓa ce ke sauka a kanta. Firiza tana da amfani idan garin zai wuce mako biyu, da sharaɗin a ƙulla shi ƙananan ƙulli a ledoji masu rufuwa, a fitar da ɗaya a bar shi ya huce a rufe kafin a buɗe, kuma kada a mayar da shi. Manna takarda a jikin mazubin ka rubuta ranar niƙa ko ranar farke leda. Tun ran gini ran zane.

Mataki na huɗu: zaɓi na'urar awo

Mafi sauƙi ita ce wadda ake karkatawa, mai bututu a ciki da ke kama awo ɗaya duk lokacin da aka kifa ta. An yi ta ne domin sukari, kuma da sukari take aiki. Garin gahawa yana maƙalewa a bututun. Sai mai aljihu da ake ja ko dannawa, aljihun ya cika daga sama ya zubar ta ƙasa. Sai mai juyawa, irin wadda ke gaban injinan niƙa na shagunan gahawa: faranti ne mai siffar tauraro, galibi da ɗakuna shida, kowane jan hannu yana juyo ɗaki ɗaya zuwa bakin rami. An saba saita su a kan gram 7, awon kofi ɗaya na esfireso (gahawa mai kauri da inji ke matsowa cikin ɗan ƙaramin kofi) a tsarin Italiya, kuma akwai sukuru a tsakiya da ke ƙara zurfin ɗakunan ko rage shi. Injinan sayar da abin sha kuwa suna amfani da murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa yana turo gari na ƙayyadaddun daƙiƙu.

Ga gida, mai aljihu ko mai juyawa ƙarama ta wadatar. Duba abu uku: ramin fita yana da marufi, bangon ciki santsi ne kuma a tsaye sosai, sannan ana iya kwance ta gaba ɗaya da hannu. Wadda ba ta kwancewa ba ta wankuwa, ka bar ta a kanti.

Mataki na biyar: saita ta da sikeli

A nan mutane suka fi sakaci. Duk na'urorin nan girman wuri suke aunawa, ba nauyi ba, gahawa kuwa da nauyi ake haɗa ta. Wadda aka gasa ta yi baƙi ta fi wadda aka gasa sama-sama rashin nauyi, don ta kumbura kuma ta zubar da ruwanta. Niƙa mai laushi da mai tsakuwa-tsakuwa ba sa cika aljihu iri ɗaya. Babban cokali mai mililita 15 yakan ɗauki kusan gram 5, amma wannan "kusan" ɗin tana iya zama bambancin kofi mai daɗi da mai salam.

Nemi ƙaramin sikeli mai nuna kashi goma na gram. Cika na'urar yadda za ka riƙa cika ta kullum. Ɗora kofi a sikelin ka mayar da shi sifili. Ja sau biyu ka mayar da garin ciki, domin awon farko ba abin dogaro ba ne. Daga nan ja sau goma, kowanne ka auna shi shi kaɗai ka rubuta. Tara su ka raba da goma, wannan shi ne ainihin awon na'urarka. Duba kuma tazarar mafi ƙanƙanta da mafi girma: idan kana neman gram 7 kuma duk sun faɗa tsakanin 6.5 da 7.5, na'urar ta yi. Idan tana da sukuru, juya shi kaɗan ka sake gwadawa. Idan ba ta da shi, sai ka daidaita ruwan: na'urar da ke ba da gram 6.5, ja biyu gram 13 ke nan, ruwansa kusan mililita 220.

Ja hannun iri ɗaya kullum. Fizga da ƙarfi tana watsa gari gefe, jan sanyi-sanyi kuma yana barin saura a ɗaki.

Kada ka tsaya nan. Maimaita gwajin idan na'urar ta yi rabi, da kuma idan ta kusa ƙarewa. Za ka ga inda awon ya fara raguwa, yawanci lokacin da garin ya daina rufe ɗakunan gaba ɗaya. Ja layi da alƙalami a jikinta a daidai wurin, ya zama iyakar da za ka ƙara gari. Duk lokacin da ka canza irin gahawa ko laushin niƙa, sake auna ja uku ko huɗu.

Mataki na shida: idan ta fara gardama

Gari yana zuba kamar ruwa, amma halinsa daban. Tun 1895 injiniyan Jamus Janssen ya nuna cewa a rumbu mai tsawo bango ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin hatsi, ba gindi ba, saboda ƙwayoyin suna dogara da juna suna tura nauyin gefe. Wannan dogaro da juna shi ne ke sa wani lokaci garin ya yi gada a saman rami: ƙasa wayam, sama cike, ka ja hannu ba abin da ya sauko. Wani lokaci kuma sai ya haƙa rijiya a tsakiya, na tsakiya ya zube, na gefe ya tsaya a bango yana tsufa. Andrew Jenike, wanda ya yi aiki a kan wannan a Jami'ar Utah ta Amurka a shekarun 1960, ya nuna cewa mazurari mai bango santsi kuma a tsaye sosai shi ke sa gari ya sauka gaba ɗaya, wanda ya fara shiga ya fara fita.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan na'urar da ke aiki lafiya ta fara toshewa, fara zargin danshi, musamman idan kana riƙe ta a saman tukunya mai tururi. Auna a busasshen kofi tukuna, sannan ka juye. Na biyu shi ne dannewa: kada ka tura gari da cokali don ya shiga da yawa, kuma kada ka riƙa bubbuga na'urar a tebur, domin bugu yana ƙara cushe shi. Ɗan ƙwanƙwasa a gefe da yatsa ya isa ya karya gada. Na uku shi ne lantarkin da gogayya ke haifarwa lokacin niƙa, mai sa gari ya manne a bango ya dunƙule. Idan kai kake niƙa, jiƙa bakin cokali da ɗigon ruwa ka juya ƙwayoyin da shi kafin su shiga inji. Binciken da aka yi a Jami'ar Oregon aka wallafa a 2023 ya tabbatar cewa ɗan ruwan nan yana rage lantarkin da dunƙulewa. Amma ga garin da za a sha nan take ko a ranar ne, ba wanda za a ajiye ba.

Idan ramin fita ne ya yi ƙanƙanta, kuma na'urar tana da ƙofa mai zamewa, buɗe ta kaɗan-kaɗan. Ƙarin faɗi kaɗan a rami yana ƙara gudun zuba sosai.

Haka dokar take ga sauran kayan gari. Sukari da shinkafa suna zuba ba gardama, gishiri yana shan danshi ya daskare, madarar gari ta fi gahawa ma yin gada. Kowanne ya sami na'urarsa, domin wadda ta riƙe gahawa za ta sa wa sukari ƙamshinta.

Mataki na bakwai: wanki

Kada ka zuba sabon gari a kan tsoho. Juye ragowar, share ciki da busasshen buroshi mai laushi, sannan ka cika. Duk mako biyu kwance na'urar, wanke sassanta da ruwan ɗumi da sabulu marar turare, cire zoben roba ka wanke ƙarƙashinsa, domin nan mai yake taruwa ya yi bashi. Na'ura mai lantarki ba a tsoma ta a ruwa. Cire ta daga wuta ka wanke sassan da ke fita kawai. Shanya komai ya kwana a buɗe. Da safe, kafin ka haɗa, shafa farar takarda a lungunan aljihu da ƙarƙashin faranti: idan ta fito da laima ko launin ruwan kasa, da sauran aiki.