Kafin ka ce "zan yi afil" a Kanada

Na zo gida Katsina hutu, kuma kusan kullum bayan la'asar ina zama majalisar da ke bakin shagon ɗinkin wani abokina a Ƙofar Ƙaura. Cikin masu zuwa akwai samari uku da ke shirin tafiya karatu Kanada, kowa da tambayarsa, daga rigar sanyi har kuɗin haya. Ran nan sai ga wani dattijo, kawun ɗaya daga cikinsu, ya jawo benci ya zauna kusa da ni. Ɗansa da ke Toronto ya samu saɓani da mai gidan da yake haya, hukumar da ke sasanta irin wannan rigima ta yanke ya tashi.

"Malam, ba sai ya yi afil ba? Ai na ji su ma suna da Kotun Ɗaukaka Ƙara."

Na ce, "Suna da ita, Baba, amma ba ƙofarta wannan magana za ta fara ƙwanƙwasawa ba."

Abin da na faɗa masa shi nake son sababbin zuwa su riƙe. A Najeriya Kotun Ɗaukaka Ƙara ɗaya ce ta tarayya, rassa ne kawai take da su a Kaduna, Kano, Sakkwato da sauran wurare. Kanada kuwa larduna goma gare ta, kowane lardi da tasa kotun, kuma ita ce kotu mafi girma a cikin lardin. Ta Ontariyo tana zama a tsohon ginin Osgoode Hall da ke tsakiyar Toronto, ta Albata tana zama a Edmonton da Kalgari, ta Kubek a Montiriyal da birnin Kubek. Gwamnatin tarayya ke naɗa alƙalanta, suna ritaya a shekara 75. Hukuncin da ta yanke ya hau kan duk kotunan lardinta, amma alƙalin wani lardi ba dole ne ya bi shi ba, sai dai ya duba ya ƙaru.

Ƙofarta a buɗe take ga mai son kallo, kuma na taɓa shiga na zauna a baya. Alƙalai uku ne a jere, wani lokaci biyar idan maganar mai nauyi ce. Lauyoyi na sanye da baƙar riga, babu hular gashin nan da namu ke ɗorawa. Ba a kira shaida ko ɗaya ba. Alƙalan sun riga sun karanta takardun ɓangarorin biyu, don haka lauya na buɗe baki ɗaya daga cikinsu ya tare shi: a wane shafi ne alƙalin farko ya yi kuskuren? Kowane ɓangare da mintocin da aka yanka masa, suna ƙarewa ka zauna.

Nan ne mutanenmu ke yawan tuntuɓe. Mun saba ɗaukar afil a matsayin damar sake ba da labari daga farko, a gaban wanda zai fi jin tausayi. Wannan kotu kuskure take nema a cikin kundin shari'ar da aka riga aka yi. Idan alƙali ya fassara doka ba daidai ba, za ta gyara kai tsaye. Idan kuwa kukanka shi ne ya gaskata abokin shari'arka ya ƙi gaskata ka, da wuya ta taɓa, sai kuskuren ya fito fili kuma shi ne ya juya hukuncin. Kotun Ƙolin Kanada ta kafa wannan ma'auni a shari'ar Housen da Nikolaisen a 2002, dalilinta kuwa alƙalin farko shi ya ga shaidu ido da ido. Rasidin da ka bari a aljihu, ko saƙon WhatsApp da ka ga bai kai a nuna ba, ba kasafai ake karɓarsu daga baya ba. Saboda haka zaman farko kada ka je shi da wasa, kana cewa ai akwai afil.

Sai batun hurumi. A Ontariyo, hukuncin hukumar masu haya da na kotun ƙananan basussuka wata kotu ce da suke kira Divisional Court ke dubawa, kuma na haya sai a kan kuskuren doka kaɗai. Daga can ne ake neman izinin hawa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Afil a kan ƙananan laifuka ma Babbar Kotun lardi yake fara zuwa. Manyan laifuka da yawancin hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu, su ne ke tafiya kai tsaye.

Maganar biza, takardar karatu, izinin zama da neman mafaka duk ba na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta lardi ba ne. Waɗannan na Kotun Tarayya ne, kuma wa'adinsu gajere: kwana 15 idan a cikin Kanada aka yanke shawarar, kwana 60 idan a waje ne. Haka nan kada ka nemi irin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da muke da ita nan Katsina ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai. Saki, ciyarwa da riƙon yara duk a kotun ƙasa suke ƙarewa, Ontariyo ma tun 2006 ta daina amincewa da hukuncin sulhun iyali da aka gina kan dokar addini.

Amma akwai inda kotun lardi ke shafar zamanka ta bayan gida. Mai takardar zaman dindindin da aka ɗaure wata shida ko fiye yana rasa damar ɗaukaka ƙara idan aka ce a mayar da shi ƙasarsu. A 2013, a shari'ar Pham da ta taso daga Albata, Kotun Ƙoli ta rage wa mutum kwana ɗaya tak daga ɗaurin shekara biyu, domin a lokacin shekara biyu ce iyakar. Allah ya kiyaye, amma in ƙaddara ta faɗa, gaya wa lauyanka matsayin takardarka tun ranar farko.

Kuɗi ma abin lissafi ne. Mai ɗaukaka ƙara ke biyan kuɗin rubuto abin da aka faɗa a zaman farko, kuma a shari'ar da ba ta laifi ba wanda ya faɗi yakan biya wani kaso na kuɗin lauyan wanda ya ci. Mai ƙaramin ƙarfi ya tuntuɓi Legal Aid Ontario, hukumar ba da taimakon lauya ta lardin, ko ofishin taimakon shari'a na unguwarsu. Bayan kotun lardi saura Kotun Ƙoli a Otawa mai alƙalai tara, wadda sai ta ba da izini a yawancin ƙararraki, kuma kaɗan take karɓa.

Dattijon ya saurara har na kai kan wa'adi. Na ce masa a Ontariyo kwana 30 ne akasari, kuma lissafin ba ya jiran a gama shawara da dangi.

"To yaushe aka ba shi takardar?"

Ya yi shiru, ya laluba aljihun babbar rigarsa ya ciro waya, ya miƙa wa yaron. "Kira mini yayanka. Ka ce ya karanto mana kwanan watan da ke jikinta."