Yadda ake daidaita aikatau da mahaɗai masu zuwa biyu-biyu a Turanci

Akwai mahaɗan Turanci da ba sa zuwa sai su biyu: either…or, neither…nor, not only…but also, da both…and. Idan suka haɗa sunaye biyu, aikatau zai zo a tilo ne ko a jam'i? Tambayoyin concord, wato daidaita aikatau da suna, na WAEC da JAMB sukan kama ɗalibai a nan.

Both…and ba shi da wahala, kullum jam'i yake ɗauka: Both Musa and Audu are here.

Sauran ukun kuwa dokarsu ɗaya ce: aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi. Ka rufe sunan farko da yatsa, ka karanta abin da ya rage.

Neither the teacher nor the students are ready.
Neither the students nor the teacher is ready.

Ma'anar ba ta canza ba, sauya wurin sunayen ne ya mai da are ta koma is. Jimla ta biyu daidai take, amma ba ta da daɗin ji. Saboda haka idan kai ne mai rubutun, ka ajiye jam'in a ƙarshe. Wakilin suna ma haka yake: Either you or I am wrong, domin I ce ta fi kusa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne jimlar tambaya. A nan aikatau yana dawowa gaba, sai sunan farko ya zama shi ne makusanci: Is either Musa or his brothers coming?

Ka kuma kula da kalmomin da ake cusawa tsakanin suna da aikatau. A Neither the drivers nor the owner of the buses is around, owner za ka bi. Buses bayani ne kawai a kansa, duk da cewa yana manne da aikatau.

Kada ka haɗa wannan doka da ta as well as, wadda ke bin sunan farko: Musa, as well as his brothers, is here. Idan kuma either ko neither ya tsaya shi kaɗai, tilo ne a rubutun jarrabawa: Neither of the boys plays. Harafin s a ƙarshen plays alamar tilo ce, saɓanin s ɗin boys da ke nuna jam'i.