Yadda Ake Bin Diddigin Tsohon Gida a Sabon Garin Kano

Kafin ka je ɗakin adana takardu, fara da filin da gidan ke kai. Turawa sun yanka Sabon Gari wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don zaunar da akawuna, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo. Shi ya sa titunan suka miƙe sambal, ba irin lungunan cikin Birni ba.

Ɗauki tef ka auna. Fulotan galibi ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo. In gaban gida bai kai haka ba, wataƙila gado ne ya raba shi. In ya ninka, an haɗe biyu ne don gina otal ko filaza. Sai ka zaga baya. Siririn layin da ke tsakanin gidaje hanyar masu kwashe bahaya ce a zamanin bokiti, kuma shi ke nuna iyakar asali ko da shaguna sun cinye rabinsa.

Kada filasta ta ruɗe ka. Tsofaffin gidaje da yawa ginin ƙasa ne da aka lulluɓe da siminti. Duba kaurin bango a bakin taga: bulo inci 6 ne ko 9, abin da ya zarce haka sosai ƙasa ce a ciki. Inda filastar ta ɓare, za ka ga jar ƙasa da ɓurɓushin ciyawa.

Wajen takardu ne aka fi yin kuskure. Lambar gida daban, lambar fuloti daban, kuma ta fuloti ce ke cikin fayil. Nemo ta a takardar mallaka ko tsohon rasidin haraji. Har zuwa 1940 unguwar tana hannun jami'in Turawa ne, daga nan aka miƙa ta ga En'e, wato hukumar gargajiya ta Sarkin Kano, don haka fayilolin sun rabu gida biyu. Bincika kundin Lardin Kano a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, sannan Gidan Ɗan Hausa, cibiyar adana tarihi a Kano. Tafi da tsohon sunan titi, domin an sauya wasu. Sunan ma yana yaudara: France Road ba ƙasar Faransa ake nufi ba, wani mutum ne da ya shugabanci unguwar.

Giɓi mafi girma a takardun na tsakanin 1966 da 1970 ne, lokacin da Inyamurai suka bar gari saboda kashe-kashe da yaƙin basasa. Wasu gidajen an riƙe su amana, wasu an sayar. Nan sai ka koma ga dattawa da rijistar coci ko limamin masallaci. Tambaya a hankali, ciwon bai gama warkewa ba. Kar ka nemi shekara. Tambayi ko da fam aka biya kuɗin gidan ko da naira, tunda naira ta shigo ne a 1973.