Yadda ake auna nisan dubban galaksi da zaren gilashi

Hoto zai nuna maka inda galaksi, wato babban garken taurari, take a sama, amma ba zai faɗa maka nisanta ba. Sai ka tsaga haskenta kamar bakan gizo ka karanta. A da, ɗaya bayan ɗaya ake bin su. Yanzu zaren gilashi, wato siririn zare da haske ke bi ta cikinsa, ke kwaso hasken dubbai a zama guda.

Da farko ka ɗauki hoton yankin, ka zaɓi waɗanda kake so, ka rubuta matsayin kowace.

Mataki na biyu shi ne dasa zaren, kuma a nan aikin yake. Inda madubin hangen nesa ke tara haske, kowace galaksi ɗan ɗigo ce, kuma dole bakin zare ya zauna daidai kan ɗigon. A aikin binciken sama na Sloan da ke Apache Point a Amurka, faranti na alminiyum aka riƙa hudawa, rami ɗaya ga kowace galaksi, ma'aikata su soka zare 640 da hannu, daga 2009 kuma 1,000. Sabon yanki, sabon faranti. Na'urar DESI, da ta fara aiki gadan-gadan a 2021 kan madubin Mayall mai mita 4 a Kitt Peak da ke Amurka, ta maye gurbin hannu da ƙananan mutum-mutumi 5,000, kowane riƙe da zarensa. Kaurin cikin zaren mikiron 107 ne, kusan silin gashi. Ka kauce kaɗan, hasken ya zube gefe, daren ya tafi a banza.

Idan galaksi biyu sun matsi juna, zare biyu ba za su shiga ba. Ɗauki ɗaya, ka dawo wa ɗayar a wani zagayen.

Na uku, kada ka yi rowa: bar wasu zaruruwa suna kallon fili inda babu komai. Iskar sama kanta tana ƙyalli da dare, wani lokaci fiye da galaksin. Abin da waɗannan suka kwaso shi za ka cire daga sauran. A ganina, mai tsallake wannan mataki iska kawai yake aunawa.

Daga nan hasken ya bi igiya zuwa na'urar tsaga haske. DESI na da goma, kowace na karɓar zare 500 da aka jera a layi. Bar kyamara a buɗe kamar minti 20, sannan ka gwada da fitilar da aka san launukanta.

A ƙarshe nemi layin haidirojin, wato alamar da sinadarin haidirojin ke bari a cikin hasken da aka tsaga, wanda a ɗakin gwaji yake kan nanomita 656 a ma'aunin tsawon zangon haske. Idan ka same shi a 722, ya karkata zuwa ja da kashi 10 cikin 100, saboda sararin samaniya ya buɗe yayin da hasken ke tafe. Yawan karkatar shi ke nuna nisan galaksin. Wannan galaksin, haskenta ya haura shekara biliyan ɗaya a hanya kafin ya shiga bakin zarenka.